Kwafi Bakwai

Sun ce in hau bene na biyu, ƙofa ta uku a hagu,
bayan ofishin harajin filaye.
Na hau, takalmina na ɗigar da ƙanƙarar Iowa
a kan matakalar da ta girme ni, ta girme Baba.

Yau kwana tara.
Banki ya ce sai da takarda.
Kamfanin inshora ya ce sai da takarda.
Har masu wayar tarho, da na ce mai layin ya rasu,
suka ce, to, a turo mana shaida.
Ashe mutum ba ya gama mutuwa
sai gunduma ta buga hatimi.

Matar da ke bayan kanta, Marlys aka rubuta a ƙirjinta,
tabarau rataye da sarƙa, gahawa ta huce a gefenta.
Ta turo mini fom da biro ɗaure da igiya,
kamar mai makoki zai saci biro.

Sunan mamaci: Arvid Tollefsrud.
Hannuna ya san sunan nan tun ina firamare,
bai dai taɓa rubuta shi kusa da waccan kalma ba.
Dangantaka: 'ya.
Layin ya yi tsawo, kalmar ta yi kaɗan.
Ta ce in nuna lasisin tuƙi, a tabbatar ni ce.
Shekara hamsin da ɗaya ina ɗauke da hancinsa a fuskata,
amma nan ba a karɓar hanci.

Kwafi nawa?
Na ce ɗaya, ai mutum ɗaya ne.
Ta ce, karɓi bakwai, kowa nasa yake so,
kuma in sun karɓa ba sa mayarwa.
Dala goma sha biyar sau bakwai.
Na yi lissafin a bayan ambulan ɗin ta'aziyya,
na ɓata sau biyu.

Injin ya yi tari, ya tofo shi.
Ga Baba a shafi ɗaya:
ƙarfe huɗu da minti goma na asuba, ciwon zuciya.
Sana'a: direban motar makaranta.
Babu layin amyar zuma goma sha biyu a bayan rumbu.
Babu layin gyaran muryar da yake yi
kafin ya shara ƙarya mai daɗi.
Babu na miyar da yake ƙonawa duk Lahadi tun da Mama ta tafi.

Marlys ta ɗaga hatimi, sai ta tsaya.
Ta sa tabarau. Ta cire.
Ta ce, mota mai lamba shida? Hanyar tsakuwa ta arewa?
Na ce, ita.
Ta ce, gidanmu ne na ƙarshe, kullum sai na makara.
Sai ya sauko yana goge madubin da ba shi da datti
har in fito da gudu, safa ɗaya a hannu.
Shekara huɗu. Ko sau ɗaya bai danna hon ba.

Sannan ta matsa hatimin, sau bakwai,
a hankali, kamar mai binne iri.
Na shafa wurin da yatsa, ya yi tudu-tudu.
A duk takardar, nan kaɗai ake ji da hannu.

A bayana wani saurayi ne, jaririya a kafaɗa,
idonsa ja don rashin barci, ya zo neman takardar haihuwa.
Kanta ɗaya, biro ɗaya.
Na matsa masa.

A mota na ƙirga su a cinya:
banki, inshora, fansho, gona, tarho, lauya.
Ta bakwai ba ta da mai ita.

Na daɗe ban tayar da injin ba.
Ba kowa a filin ajiye motoci, ba wanda nake jira,
sai ga ni na sauke gilashi
ina goge madubi da hannun riga.